Taku Na Ashirin Da Biyar

A gidan Mai Agogo akwai wata doka da kowa ya sani, in ban da wanda aka kafa ta dominsa. In Auta ta zauna wasan ches da yayanta, tana da izinin yin duk abin da ta iya har taku na ashirin da huɗu. A taku na ashirin da biyar kuwa, dole ta ɗauki ɗa mai daraja, doki ko giwa ko hasumiya, ta ajiye shi inda yayan zai cinye a banza. Kuma ta yi abin da dabara, yadda zai ɗauka idonsa ne ya gano.

Uban ne ya kafa dokar. Shagonsa ɗan tsukuku ne a bakin titi, tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya in zai leƙa cikin agogo, sai wata ƙofa ta baya da ke shiga cikin gida. A bayan ƙofar nan ake ajiye allon wasan kullum bayan la'asar. Agogon wasan ma shi ya ƙera da hannunsa daga wasu tsofaffin agogon tebur guda biyu, in ka danna naka ya tsaya, na abokin karawarka ya tashi. Mutum ne da bai san wani abu da ya kai kaifin ƙwaƙwalwa daraja ba. In ana hira a shagon aka ambaci wani gwanin ches na wata ƙasa, sai ya ajiye aikinsa ya ce, "Irin waɗannan kawunan, in Allah ya ba gari guda ɗaya, kamata ya yi a riƙa tashi tsaye in zai wuce." Ga shi an ba shi guda a cikin ɗakinsa, yana sa ta zubar da doki kullum ranar Allah.

Ɗan nasa shekararsa goma sha bakwai. Tun yana rarrafe uban ya laƙa masa suna Zakara, sunan kuwa ya bi shi. Ba laifi, yana da ƙoƙari, yana haddace abin da aka nuna masa, sai dai in aka cinye shi ba ya cin abinci, kuma kowa a gidan sai ya ji a jikinsa. Auta shekararta goma sha huɗu, ba wanda ya taɓa koya mata komai. Aikinta da can shi ne ta jera 'ya'yan a kan allo, in an gama ta kwashe. Wata rana, tana da shekara goma sha ɗaya, abokin wasan Zakara bai zo ba, aka ce ta zauna ta riƙe baƙaƙe don dai yayan ya motsa hannu. A taku goma sha tara ta kashe masa sarki.

Ran nan Mai Agogo ya iske ta a bakin famfo tana wanke kofuna.

"Auta, wasan nan na ɗazu wa ya nuna miki?"

"Ba kowa, Baba. Gani kawai na yi."

"Kin lura yayanki bai taɓa abincinsa ba?"

Ta ci gaba da wanke kofunan, ruwa na zuba a kan hannunta.

"Ki saurare ni da kyau. Ke mace ce, ke wasa kike yi, gobe ki tashi ki bar shi. Shi kuwa da wannan zai zama mutum. Zuciyar namiji in ta karye tun yana ƙarami, ba ta haɗuwa. Ba cewa na yi kada ki yi wasa ba, ai ni mai adalci ne. Ki matsa masa sosai, ki sa shi gumi, shi ne amfaninki. Amma in an kai ashirin da biyar, ki buɗe masa ƙofa."

"Kullum, Baba?"

"Har sai ya yi ƙarfi. Ba za a daɗe ba."

Aka daɗe. Shekara uku cur.

Shi Mai Agogo yana zaune a gefe da babban littafi mai baƙin bango, yana rubuta kowane taku da rubutunsa mai tsabta, don wata rana duniya ta ga yadda Zakara ya taso. Saboda haka ya fi kowa ganin abin da ke faruwa. Yakan ga yarinyar ta tura soja ɗaya a gefe, ya ce a ransa shirme ne, sai bayan taku takwas ya ga ashe sojan nan shi ya toshe wa sarki hanyar gudu. Tsigar jikinsa takan tashi. Sau da yawa yakan ji bakinsa zai ce "kai, madalla", sai ya haɗiye, ya yi tari. Daga nan a kai ashirin da biyar, ta zubar da giwa, Zakara ya daka tsalle ya ce, "Na kama ki. Wallahi mata ba ku da dogon tunani." Uban ya yi dariya tare da shi.

A shekarar farko Auta takan shiga banɗaki bayan wasa ta buɗe famfo, ta fito ido ya yi ja. Mai Agogo ya ce ƙuruciya ce. A ta biyu ciwon ciki ya samo ta, kuma ciwon ya san lokaci, da an yi la'asar yake tashi. Ta fara cin farcenta har yana jini. In ana wasa leɓenta na motsi, tana ƙirga taku don kada ta wuce. Uwarta ta same shi a shago da rana.

"Malam, yarinyar nan fa ramewa take yi."

"Girma ne. Duk sai sun miƙe kafin su cika."

"Jiya na ji ta tana ƙirge a cikin barcin rana."

"To so kike in bari ta riƙa cinye yayanta, unguwa ta ji? Ki yi tunani mana. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Uwar ta juya. Ta koma ciki ta dafa kafaɗar 'yarta ta ce, "Ki yi haƙuri, 'yar nan. Ni ma na fi babanki iya lissafi, kin taɓa jin na faɗa? Gida ba ya zama sai wani ya sunkuya." Ta faɗi haka da zuciya ɗaya, tana ganin magani ta ba ta.

Sau ɗaya tak Auta ta karya dokar, shi ma ba da gangan ba. Ranar wasan ya yi daɗi, ta hango wata hanya mai kyau, ta ba da sarauniyarta don ta ja sarkin yayan zuwa tsakiyar allo, ta shagala har ta manta da ƙirge. Fuskarta ta yi haske, ta zauna a kan gwiwoyinta kamar mai jiran a raba alewa. A taku na ashirin da bakwai ta ajiye doki ta ce a hankali, "Ya mutu, Yaya."

Zakara ya dubi allon, ya watsar da 'ya'yan da bayan hannu, ya shige ɗaki ya bugo ƙofa.

Mai Agogo bai taɓa ganin wasa mai kyau irin wannan ba a rayuwarsa, ko a cikin littattafai. Duk da haka ya yage shafin daga littafin. Ya ce, "Tashi ki je ki ba shi haƙuri. Ki ce sa'a ce."

"Baba, ba sa'a ba ce."

"Ni kike mayar wa magana?"

Ta je bakin ƙofar ta durƙusa. "Yaya, ka yi haƙuri, sa'a ce." Sai da ta faɗa sau uku kafin ya buɗe. Uban ya yanke mata hukuncin wata guda ba za ta taɓa allo ba. A kwana na biyar ya janye, domin Zakara ba shi da abokin gwaji da ya kai ta. Shafin da ya yage kuwa bai jefar ba, ya ninke ya sa a aljihun tebur, yana ɗaukowa ya kalla in ba kowa a shagon, kamar ɓarawon da ke leƙa kayan da ya sata.

A shekara ta uku kukan ya tsaya, ciwon cikin ma ya tafi, sai ya ce to alhamdulillahi, ta saba. Ba ta ƙara zama a kan gwiwoyinta ba. Tana zuwa, ta zauna, ta yi ashirin da huɗu, ta zubar, ta kwashe 'ya'yan. Wani malamin lissafi na makarantarsu ya kawo agogonsa gyara, yana jira ya ce, "Ina so in tambaye ka game da 'yarka. Lissafin da ya gagari 'yan ajin duka, ita sai ta warware shi layi bayan layi, har ni ina koyon wani abu. Amma in ta zo layin ƙarshe, inda za ta rubuta amsa, sai ta bar wurin fili. Wani lokaci ma ta rubuta daidai ta soke. Akwai abin da ke damunta a gida?"

"Lafiya ƙalau take. Ka san mata da gaggawa."

Malamin ya dube shi. Mai Agogo ya sunkuya a kan aikinsa, ya yi minti goma yana neman wata 'yar ƙusa da ke maƙale a yatsansa.

Ana nan sai ƙungiyar masu wasan ches ta yankin ta sanar da gasa. Gurbi ɗaya ne tak a wata makarantar horarwa, shekara biyu ana koya wa yaro wasa tare da karatunsa, kuma duk wanda bai kai sha takwas ba yana iya shiga, mace ko namiji. Mai Agogo ya ce ranar Zakara ta zo. Ya sa rigarsa mai kyau, ya ɗauki baƙin littafin, ya tafi ɗakin karatu na gari inda ake rubuta sunaye.

Wadda ke karɓar sunayen wata dattijuwa ce, tsohuwar malamar makaranta, ita ce kuma alƙaliyar gasar. Kowa Malama yake ce mata. Siririya ce, tabaraunta ɗaure da zare, ba ta da yawan fara'a. Ya ajiye mata littafin yana murmushi. "Wasannin ɗana ne, Malama. Shekara uku ba a cinye shi a gida ba. Ki ɗan duba."

Ta buɗe don kada ya ji kunya. Ta karanta shafi ɗaya, ta juya, ta dawo baya. Ta jawo ƙaramin allo daga jakarta ta fara jera wasan tana bi. Mutane na jira a layi, ta ɗaga musu hannu su dakata. Sai da ta bi wasa shida sannan ta cire tabarau.

"Ɗanka shi ne mai farare?"

"Shi ne."

"Mai baƙaƙen fa?"

"A'a, wannan ƙanwarsa ce kawai, tana taya shi."

"Shekara arba'in ina kallon wasa," in ji ta, "ban taɓa ganin yaro a yankin nan mai irin wannan idon ba. Dubi nan. Wannan takun, ni sai da na yi minti biyar kafin na gane dalilinsa. To amma ga abin da ya ɗaure min kai. Mai irin wannan kan ba ya ajiye hasumiya a bakin soja. Ga shi ta yi a nan, a ashirin da biyar. Nan ma ashirin da biyar. Nan ma. Kuskure ba ya duba agogo, Malam. Wa ya sa ta?"

Ya fara cewa, "Ai kin san sha'anin gida, shi namiji ne, kuma zuciyarsa..."

"Na sani. Ni ma ina da yayye maza." Ta rufe littafin ta tura masa. "Ka san abin da ya fi ba ni tsoro? Ko a zubarwar ma gwana ce. Kullum sai ta zaɓi kuskuren da zai iya gani, ba wanda ya fi ƙarfinsa ba. Yarinyar nan wasa biyu take yi a lokaci ɗaya, nata da nasa. Ka rubuta sunanta."

"Sai na yi shawara."

"Da wa? Da wanda ya kafa dokar?"

Ya rubuta sunan Zakara ya fito. Ya yi tafiya har ya wuce kwanar gidansa bai sani ba. Kunya ce ta rufe shi, irin wadda mutum ke ji in baƙo ya shigo ya nuna masa dattin da ya daɗe yana tsallakewa a ƙofar ɗakinsa. Ya yi ta kawo wa kansa hujjoji, yana jin suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ai bai taɓa dukanta ba. Ai don zaman lafiyar gida ya yi. Ai da ma niyyarsa in Zakara ya yi ƙarfi ya sake ta. Kwana biyu bai gyara agogo ko ɗaya ba. A na uku ya koma ɗakin karatun ya rubuta sunanta, bai yarda sun haɗa ido da Malama ba.

Saura mako guda a yi gasar ya kira Auta cikin shago, ya rufe ƙofar baya.

"Na sa sunanki. Waccan maganar ta ashirin da biyar, na janye ta. Ki je ki cinye kowa."

Ya zaci za ta yi tsalle. Ta dube shi kawai ta ce, "Har da Yaya?"

Ya yi jim. Jim ɗin nan bai fi na numfashi biyu ba, amma ta gani. "In kun haɗu, to, sai mu gani. Allah ya sa ma kada ku haɗu."

"To, Baba."

Ya so ya zaunar da ita ya nuna mata yadda ake ƙarasa wasa, domin sai a lokacin ya tuna shekara uku, in ban da sau ɗaya, ba ta taɓa kai wasa ƙarshe tana mai nasara ba. Amma yaya zai yi a gaban Zakara? Ya ce gobe, goben ta zama jibi, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Ranar gasar aka jera tebura takwas a babban zauren ɗakin karatun, aka ɗaura igiya, iyaye a bayanta. Malama ta yi gargaɗi cewa duk wanda ya yi magana ko ishara za a fitar da shi, a kuma cire ɗansa. Wasa huɗu za a yi, wanda aka cinye ya fita.

Zakara bai wuce na farko ba. Mai Agogo yana kallo yaron ya yi ta fama, da aka kai taku na ashirin da biyar sai ya jingina da kujera yana ɗan murmushi, yana duba allon ya ga inda aka ajiye masa rabonsa. Ba a ajiye komai ba. Bayan taku shida aka kashe masa sarki. Ya zo bayan igiya fuska a murtuke, ya ce da raɗa, "Baba, wannan bai yi kuskure ba. Ai a nan ne suke yin kuskure." Uban ya rasa inda zai sa idonsa. Ashe yara biyu ya cuta, ba ɗaya ba.

A can tebur na bakwai kuwa, mutane sun fara miƙa wuya. Auta ta gama da na farko a taku sha shida. Na biyu a ashirin da ɗaya. Na uku, wani da ake ji da shi, a ashirin da uku. Tana wasa kamar wadda ake kora, ba ta ɓata taku ko ɗaya, kuma Mai Agogo kaɗai ya san abin da ke korar ta. Wani dattijo a kusa da shi ya ce, "Ikon Allah. Wannan 'yar waye?" Ya buɗe baki zai ce tasa ce, maganar ta ƙi fita. Zakara yana gefensa, ya daina fushi, yana kallon hannun ƙanwarsa, yana kallon uban. Ba wawa ba ne. Can ya ce, "Baba, tun yaushe?" Uban ya kawar da kai, yaron kuma bai sake tambaya ba.

Wasan ƙarshe da wani dogon yaro ta haɗu, mai sanyin jiki da taurin kai, irin waɗanda ko an cinye musu rabin gida ba sa miƙa hannu. Ta matsa shi tun daga farko. Ta cinye masa doki, ta cinye hasumiya, ta kora sarkinsa lungu. Ya yi ta toshewa da abin da ya rage masa. Ya yi takunsa na ashirin da huɗu, ya danna agogo. Nata ya tashi, da sauran minti talatin da biyar a kai.

Kowa a zauren ya ga takun da za ta yi. Mai Agogo ma ya gani: ta tura sarauniya gida biyu, shi ke nan, sauran sai sharar fage. Ta ɗaga hannu. Hannun bai nufi sarauniya ba, ya nufi giwarta, ya tsaya a sama da ita. Ta janye shi da sauri ta danne a cinyarta da ɗaya hannun.

Minti biyar. Leɓenta ya fara motsi.

Minti goma sha biyar. Hannun ya sake tashi, ya sake nufar giwar, ta sake kamo shi. Gumi ya jiƙa mata goshi. Ta ɗago kai ta nemi ubanta a bayan igiya, ta same shi, ta zuba masa ido. Ya so ya yi ihu. Ya so ya gyaɗa kai, amma Malama na tsaye a kusa, ishara ɗaya ta isa a cire ta. Ya tsaya ƙiƙam, yana roƙon Allah fuskarsa ta faɗa mata abin da ke ransa. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta mayar da kai kan allo.

Shi da ya yi shekara talatin yana sauraron agogo, bai taɓa jin bugunsa da ƙarfi irin na ranar ba. Saura minti uku. Saura ɗaya. Malama ta cire tabarau ta juya baya, abin da alƙali ba ya yi. Lokacin ya ƙare Auta na zaune, hannuwanta biyu a matse tsakanin gwiwoyi, sarauniyar na nan inda take.

Dogon yaron bai yi murna ba. Ya miƙa mata hannu ya ce, "Ke kika ci, kowa ya gani." Amma doka doka ce, shi aka ba gurbin.

Malama ta tare Mai Agogo a bakin ƙofa. Ya shirya jin zagi, da ma ta zage shi ya fi masa sauƙi. Ta ce kawai, "Ka turo min ita ranar Asabar, in ta yarda. Ban yi maka alkawarin komai ba. Na iya koya wa yaro abin da bai sani ba. Cire masa abin da aka koya masa a gida kuwa, wannan ban tabbata ba."

Suka taka zuwa gida su uku, rana ta yi sanyi. Zakara ya karɓi jakar ƙanwarsa ya rataya, abin da bai taɓa yi ba. Da suka shiga, uwar ta dubi fuskokinsu ta koma kicin. Mai Agogo ya sami Auta a bakin gado tana cire takalmi. Ya tsuguna a gabanta, gwiwoyinsa na ƙara.

"Auta, ba ki ga takun ba ne?"

"Na gani, Baba. Na gani har ƙarshe, saura taku bakwai."

"To me ya hana ki? Ai na ce miki na janye."

"Hannuna ne yake ta zuwa wurin giwa. Na hana shi, amma ya ƙi zuwa wurin sarauniya." Ta ajiye takalmin a gefe, ta daidaita shi da ɗan'uwansa. "Shi ne na dube ka in ga ko ka yarda."

"Na yarda mana. Wallahi na yarda. Ba ki ga fuskata ba?"

"Na gan ta. Ban san yadda take ba ne in kana so in ci. Ban taɓa gani ba."

Ba da fushi ta faɗa ba, ba kuma don ta ƙona masa rai ba. Amsa ce aka tambaye ta, ta bayar.

A tambayi maƙwabta, za su rantse Mai Agogo mutumin kirki ne, kuma ba ƙarya suka yi ba. Bai taɓa ɗaga wa 'yarsa hannu ba, bai hana ta makaranta ba, bai bar ta da yunwa ba. Ba kotun da za ta saurari ƙarar uban da ya ce wa 'yarsa ta zubar da doki. Irin wannan cutar ba ta barin tabo a fata, shi ya sa ake yin ta a gidaje da yawa da sunan zaman lafiya, a ce wa mai kaifin ta rage, don kada maras kaifin ya ji ciwo, in dai mai kaifin mace ce. Sai a wayi gari ana tambaya wai ina matan da suka yi fice, alhali a tsakar gida aka bi su taku bayan taku aka koya musu tsayawa. Shi dai Mai Agogo ya gane, kuma ganewar ba ta dawo da komai ba.

Washegari bayan la'asar ya rufe shagon da wuri. Da kansa ya ɗauko allon, da kansa ya jera 'ya'yan, ya juya farare zuwa wurin zamanta, ya zauna a bayan baƙaƙe. Zai ba ta wasa na gaskiya, ta cinye shi yau, ta cinye shi gobe, har hannun ya koyi hanya. Ya kira ta da murya mai taushi.

Ta zo, domin ita yarinya ce mai biyayya. Ta zauna, ta gyara sojojinta su daidaita a tsakiyar gidajensu, sannan ta ɗago.

"Baba, kai kuma a taku na nawa kake so in zubar?"